Labarin Kaduna, Garin da Barikin Soja ya Haifa

Yawancin biranen ƙasar Hausa suna da kakan da a ke ambato in an tashi ba da labarin asalinsu. Kano tana da Dala da Bagauda, Daura tana da Bayajida da rijiyar Kusugu, Katsina tana da Kumayau da Korau, Zazzau tana da Bakwa Turunku. Kowane ɗayansu an kewaye shi da ganuwa, ga fada a tsakiya, ga masallacin Jumma'a, ga kasuwa, kowace unguwa kuma ta san gidan da ya fara sauka cikinta. Kaduna kuwa ba maharbi ya sare ta ba, ba kuma wani ɗan sarki ne ya yi fushi ya bar gida ya kafa ta ba. Barikin soja aka fara ginawa a bakin kogi, sa'an nan jama'a suka yi ta taruwa a gefensa suna neman abinci, har wurin ya zama babban birnin Jihar Arewa duka.

Kafin Kaduna an yi wani gari irinta a bakin wannan kogi, watau Zungeru. Soja ɗaya ne suka kafa su, Gwamna ɗaya ne ya zaɓi wurarensu, amma ɗaya ta ɗore, ɗaya ta koma ƙaramin gari. Duk wanda aikinsa ya shafi riƙon jama'a, ko hakimi ne, ko alƙali, ko ma'aji, ko malamin haraji, ya kamata ya san dalilin wannan bambanci.

Asalin Sojan

Tun cikin shekarar 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko, yawancinsu Hausawa ne waɗanda suka kuɓuta daga bauta. Daga nan Turawa suka riƙa ɗaukar mutanen Arewa aikin soja, har harshen Hausa ya zama shi ne harshen bariki. Cikin 1897 Gwamnatin Ingila ta umurci Lugard, wanda Hausawa su ke kira Lugga, ya kafa babbar runduna ta tsaron iyaka a Afirka ta Yamma, gama a lokacin nan Faransawa suna matsowa ta wajen Bargu, ana tsoron kada su riga Ingilishi shiga ƙasashen bakin Kwara. Aka girke sojan nan a Jabba da Lakwaja. Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfanin Kwara a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama shugaban mulkin Arewa.

A sa'an nan sunan mulkin kawai ke gare shi, gama sarakunan Arewa suna nan bisa gadajensu, ba wanda ya miƙa wuya. Saboda haka inda soja su ke, nan ne gwamnati ta ke. Da aka ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, sai Lugga ya ga Jabba ta yi nisa da inda aikin ya nufa. Ya nemi wuri gaba kaɗan zuwa arewa, wanda jirgin ruwa zai iya kusanta. Aka sami wani fili a ƙasar Gwari, a bakin Kogin Kaduna, kusa da Wushishi. Cikin 1902 gwamnati da soja suka tare a Zungeru.

Zamanin Zungeru

Jirgin ruwa ba ya iya kaiwa Zungeru saboda duwatsun da ke cikin kogin. Sai aka shimfiɗa wani ɗan siririn dogo daga Barijuko, inda jirage ke tsayawa, zuwa sabon garin, don jawo kaya. Shi ne hanyar jirgin ƙasa ta farko a Arewa. Aka gina gidan Gwamna da ofisoshi, da gidan yari, da layukan soja, aka ɗora wata 'yar gadar ƙarfe bisa rafi don masu ƙafa.

Daga Zungeru aka riƙa ba da umurnin yaƙe-yaƙen da suka sāke ƙasar. Rundunar da ta taru a Zariya ta ci Kano cikin Fabrairu 1903, sojanta ba su kai dubu ɗaya ba, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa. Cikin Maris aka shiga Sakkwato, cikin Yuli aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Da mutanen Satiru suka tashi cikin 1906 suka kashe Turawa da soja kusa da Sakkwato, sai da aka kwaso dakaru daga nesa suka yi tafiyar makonni a ƙasa kafin su isa. Wannan ya nuna wa Turawa cewa bariki ba shi da amfani sosai in ba shi da hanyar da zai fitar da mutanensa da hanzari.

Kafin a jima gari ya tsiro a gefen barikin. Akawuna suka zo daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas da ƙasar Ibo, fatake suka zo daga Kano da Bida, 'yan dako da leburori suka cika wurin. Cikin 1904 aka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru, ubansa akawu ne, yaron kuwa ya tashi da Hausa a bakinsa. Shi ne daga baya ya zama shugaban ƙasar Nijeriya na farko. A shekarar nan ce kuma aka yi dokar bariki, wadda ta sa irin waɗannan wurare ƙarƙashin wani Bature majistare, aka fitar da su daga hukuncin sarakunan ƙasa.

Dalilin Tashi

Zungeru ba ta yi wa Turawa daɗi ba. Wurin kwari ne, ga zafi, ga sauro, ga ƙudan tsando mai kashe dawaki. Amma babban abin da ya kashe mata kasuwa shi ne reluwe. An zaɓe ta ne a zamanin da kogi ke hanya. Cikin 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, ya bi ta Minna, ya ƙetare Kogin Kaduna can sama, ya wuce Zariya, ya isa Kano cikin 1911. Dogon da ya taso daga Ikko ta Jabba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Yawancin leburorin da suka haƙa wannan hanya ta hannun hakimai da dagatai aka tara su, da yawa ba da son ransu ba, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata.

Da Lugga ya komo cikin 1912 don ya haɗa Kudu da Arewa, sai ya sa a nemi sabon mazauni. Aka zaɓi wurin nan inda dogo ya ƙetare Kogin Kaduna, kimanin mil 50 kudu da Zariya. Dalilan a bayyane su ke. Tudu ne mai iska, tsayinsa daga bakin teku ya kai wajen ƙafa 2,000. Kogin ba ya ƙafewa, saboda haka akwai ruwan sha rani da damina. Fili ne mai yalwa, ba wani babban gari da za a tasa. Daga nan kuma ana iya zuba soja cikin jirgi a kai su Kano ko Ikko cikin 'yan kwanaki. Har wa yau wurin ya yi nesa da fadar kowane babban sarki, ba za a ce gwamnati ta zauna a zauren wani ta bar wani ba. Lugga ma ya so Kaduna ta zama babban birnin Nijeriya gaba ɗaya, amma wannan bai yiwu ba, aka bar Ikko da matsayinta.

Ƙasar ba kufai ba ce. Gwarawa, waɗanda su ke kiran kansu Gbagyi, suna zaune cikin ƙauyukansu suna noma, Fulani suna kiwo, dukansu kuwa cikin ƙasar Sarkin Zazzau su ke, a lokacin nan Aliyu ɗan Sidi ke sarauta. Hausawa sun ce sunan kogin daga kada ya samo asali, domin yawan kadojin da ke cikinsa. Soja ne suka fara sauka, tun kafin Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914. Yaƙin ya jinkirta gine-gine, sai cikin 1917 ofisoshin gwamnati suka taso daga Zungeru suka iske su.

Yadda Bariki ke Tara Jama'a

Mai son ya gane yadda daji ya zama gari cikin 'yan shekaru, sai ya dubi ranar biyan albashi. A zamanin nan talaka da wuri ya saba ciniki, ga shi kuwa gwamnati ta fara neman haraji da kuɗin Turawa. Bariki shi ne wurin da sule da sisi da kwabo ke zuba a kan kari, ko an yi ruwa ko an yi fari. Sojan wancan zamani ba a dafa masa a babbar tukunya. Kuɗin abinci a ke ba shi, matarsa tana tare da shi cikin layi, ita ke cefane ta yi tuwo. Saboda haka kowace safiya ɗaruruwan mata ke fitowa neman dawa da gero, da itace, da nama, da manja, da gishiri.

Inda mai saye ya ke, nan mai sayarwa ke zuwa. Matan Gwari suka riƙa kawo itace da doya a kafaɗa, Fulani suka kawo nono, mahauta suka bi shanu suka zo, Nufawa da Yarabawa suka kawo tufafi da goro da kayan koli. Madunka suka zauna don gyaran kaki, wanzamai da maƙera da masu wanki suka sami abin yi. Turawan soja da na mulki suna bukatar kuku da boyi da ɗan doki. Ma'aikatar gine-gine tana bukatar kafinta da birkila da lebura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan in ya sami wurin zama sai ya aika gida a turo masa ƙanensa. Sunayen unguwannin Kaduna suna ba da wannan labari da kansu: Unguwar Shanu, Maƙera, Sabon Gari, Tudun Wada, Abakwa. Titunan tsakiyar garin kuma, waɗanda aka ja a miƙe kamar layin fareti, sunayen garuruwa aka sa musu, irin su Kano da Katsina da Ikko da Ibadan da Abekuta.

Bariki ya shiga har cikin harshe. Daga nan Hausa ta sami kurtu da kofur da saje da samanja, da hafsa da kyaftin da manjo da kanar, da fareti da begila. Sojan da ba Hausawa ba, da su da Turawansu, suka yi wata gurguwar Hausa tasu wadda a ke kira Barikanci. Matan soja suna da shugabarsu, ana ce da ita magajiya, ita ke raba gardama tsakaninsu, ta kuma duba tsabtar layi. Kalmar bariki kanta ta faɗaɗa, har ta zama sunan duk wurin da baƙi suka taru ba bisa tsarin gargajiya ba. In an ce wane ɗan bariki ne, ana nufin idonsa ya buɗe, ana kuma nufin ya fita daga hannun iyaye. Gama tare da halal ɗin ciniki akwai giya da caca da karuwanci, akwai yaran da suka gudo daga gida, da matan da suka gudo daga aure, da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Shi ya sa a ke cewa bariki iyawa.

Wa ke da Garin?

A nan ne wahalar ta ke. A birni irin na dā, baƙo yana da mai masauki, mai masauki yana da mai unguwa, mai unguwa yana da hakimi, hakimi yana da sarki. In an yi sata an san ƙofar da za a buga. A Kaduna kuwa iko ya kasu uku. Cikin bariki kwamanda ke hukunci bisa dokar soja. Cikin yankin da dokar garuruwa ta 1917 ta keɓe, wadda ta sa Kaduna a aji na biyu, Bature ne ke riƙo, shi ke ba da fuloti, shi ke duba tsabta. Bayan iyakar nan kuwa ƙasar Zazzau ce, En'e ke karɓar haraji, alƙali ke shari'a. Tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata an bar fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini cikinsa, wai don kada sauro ya ƙetara da zazzaɓi.

Mutum ɗaya yana iya kwana a ƙasar En'e, ya yi aiki a ƙasar Bature, ya ci bashi a bariki. Ɓarawo in ya tsallake dogo ya fita daga hannun wanda ke binsa. Matar soja in ta nemi saki sai a tsaya tunanin inda za a kai ƙarar. Malamin haraji in ya rubuta mutum ɗari a unguwa da rani, kafin kaka rabinsu sun tashi, waɗansu sun maye gurbinsu. Ga kuma Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya gida na jikin gida, kowa da irin aurensa da irin gādonsa.

Sarkin Zazzau ya ajiye hakimi a Kaduna mai sarautar Magajin Gari, har yanzu wurin da ofishinsa ya ke da wannan suna a ke kiransa. Aka naɗa masu unguwanni, aka kuma bar kowace kabila ta tsai da babbanta wanda za a nema in ɗanta ya yi laifi ko ya mutu ba dangi. Aikin ba mai armashi ba ne: ƙidayar gidaje, yanka rumfunan kasuwa, haƙa rijiya da masai, tsare mahauta, raba rigimar iyaka, neman wurin maƙabarta. Amma da irin wannan aiki ne ɗan ci-rani ya ke yarda ya zubar da bukka ya gina soro, ya kawo iyalinsa, ya binne mamacinsa a nan maimakon ya ɗauke shi zuwa gida. Gwarawa kuwa, masu ƙasar tun asali, su suka fi kowa hasara, gama duk sa'ad da garin ya faɗaɗa sai gonakinsu su shiga ciki, su matsa gaba.

Yaƙe-yaƙe Biyu

Da aka haɗa Kudu da Arewa ran 1 ga Janairu 1914, aka haɗa sojansu suka zama runduna guda ta Nijeriya. Ba a jima ba suka tafi yaƙi da Jamus a Kamaru. Garwa ta faɗi cikin 1915, Mora ta miƙa wuya cikin 1916, daga nan aka kwashe su zuwa Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, sa'an nan aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 suka fuskanci Japan. Barikokin Dalet da Kalapanzin na Kaduna sunayen wuraren da aka yi gumurzu ne a Bama.

Ɗaukar kurata da tara hatsi don ciyar da su ya bi ta hannun sarakuna da ma'aikatan En'e. Kaduna ta cika da mutane fiye da yadda ta taɓa yi. Da aka gama yaƙi cikin 1945 aka sallami dubban soja. Da yawa sun koyi tuƙin mota da kanikanci da karatun boko, sun ga ƙasashe, zaman ƙauye ya fita ransu. Suka zauna a Kaduna, waɗansu suka zama direbobi, waɗansu masinjoji da masu gadi, waɗansu suka shiga aikin ɗan doka.

Abin da ya Riƙe Kaduna

Da a ce bariki kaɗai Kaduna ta dogara da shi, da kowace tafiyar soja sai ta girgiza ta. Amma abubuwa sun yi ta ƙaruwa a kansa. Dogon gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗu da na Kano a Kaduna, tashar kudancin kogi ta zama mahaɗa mai ma'aikata da yawa. Cikin 1930 aka fara taron sarakunan Arewa a Kaduna. Bayan yaƙi aka kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai, nan su ke zama. Cikin 1956 Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata babban hawa, a shekarar nan kuma aka yi doka aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau, ta zama yankin babban birni mai mulkin kansa, gama gwamnatin Jiha ba ta so mazauninta ya kasance ƙarƙashin En'e guda. Cikin 1957 masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri, waɗansu suka biyo baya. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kimanin 150,000 a garin da shekara hamsin kafin nan ƙauyukan Gwari ne kawai. Jama'a suka yi mata kirari da garin Gwamna.

Soja ma ba su ragu ba. Cikin 1960 aka buɗe makarantar horon soja, cikin 1964 aka kafa makarantar hafsoshi da ma'aikatar ƙera makamai, sojan sama kuma suka sami sansani. Cikin 1976 aka buɗe makarantar manyan hafsoshi a Jaji, kan hanyar Zariya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki cikin 1975, matatar man fetur cikin 1980.

Daren 15 ga Janairu

Garin da ke maƙwabtaka da bindiga yana cin amfaninta, yana kuma ɗauke da hatsarinta. Daren 15 ga Janairu 1966 Manjo Chukwuma Nzeogwu, malami a makarantar horon soja, ya fito da yaransa da sunan atisaye, suka auka wa gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, suka kashe shi. A daren nan aka kashe Birgediya Ademulegun, kwamandan sojan Kaduna, da Kanar Shodeinde. Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, har sunan garin a ke kiransa da shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Abin da ya biyo baya sananne ne: juyin mulki na biyu cikin Yuli, da kashe-kashen da suka sa 'yan kabilar Ibo suka bar Arewa, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Cikin 1967 aka raba Jihar Arewa shida, Kaduna ta zama babban birnin ɗaya daga ciki. Gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙananan hukumomi a madadinta. Watau harbin da aka yi a Kaduna a daren nan yana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen tsarin da ya riƙe unguwannin garin tun farkonsa.

Tambayar nan ta wa ke da garin ba ta mutu ba. Cikin 2000 da 2002 aka yi munanan tarzoma tsakanin Musulmi da Kirista, rayuka da yawa suka salwanta. Soja sun fito sun tsai da faɗa, amma bayan ƙura ta lafa sai jama'a suka yi ta ƙaura, yawancin Musulmi suka tattaru arewacin kogi, yawancin Kirista suka koma kudu. Soja suna iya hana mutum fita da dare. Sa shi ya amince da maƙwabcinsa kuwa aikin mai unguwa ne da alƙali da dattawan gari.

Zungeru Bayan Tashi

Zungeru ba ta mutu ba, amma ta tsuke. Da soja da akawuna suka tashi, masu sayar musu da abinci suka bi su. Abin da ya rage shi ne tashar jirgi da kasuwar ƙauye. A nan aka haifi Odumegwu Ojukwu cikin 1933, wanda ya ja ɓangaren Biyafara a yaƙin basasa. Gidan Gwamna ya rushe, sai ginshiƙai a tsaye cikin ciyawa. Ko 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga sai da aka kwance ta aka kai Kaduna, aka kafa ta a lambun bakin kogi don masu kallo. Sai a 'yan shekarun baya sunan Zungeru ya sāke fitowa, saboda babbar madatsar ruwa ta wutar lantarki mai ƙarfin megawat 700 da aka gina kusa da ita.

Shekara goma sha biyar Zungeru ta yi tana mazaunin mulki, amma mutanenta ba su taɓa zama 'yan gari ba, masu jiran albashin wani ne, ran da aka busa begilar tashi kowa ya naɗe tabarmarsa. Kaduna ta sami lokaci, ta sami dogo da majalisa da masaƙa, ta kuma sami waɗanda suka zauna suka rubuta sunan baƙo cikin littafi, suka yanka masa fili, suka saurari ƙararsa, har jikokinsa suka tashi ba su san wani gida ba sai ita. Sunayen kwamandoji suna jikin alluna a ƙofofin bariki. Malaman haraji da masu unguwanni da dubagari da muhutai waɗanda suka yi wancan aiki, yawancinsu ba a san sunayensu ba yanzu. Allah ya jiƙansu, ya zaunar da garin da suka bari lafiya, amin.